Cikin da Aka Rubuta a Karnena

Garin Ɗanmaraya, ta Gangara

Zuwa ga maigidana Garzali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin haƙar zinariya, yaya zafin arewa can Agadas? Innarka Tani lafiya lau, gero ya fara fitar da kai, tunkiyarka ta haihu. Na san waya ba ta shiga inda kuke, shi ya sa na ba direba Sanda wannan takarda. Gara ka ji daga hannuna kafin ka ji a bakin matafiya.

Ranar kasuwar Gangara abin ya same ni. Na je rijiya raina wasai, ina ta tunanin littafin da na bari a tsakiya, inda saurayin ya tafi nema kamar kai. Ina isa mata suka yi tsit. Wata tsohuwa ta dubi cikina, ta yi mini barka, ta ce ashe iskar Agadas ma tana yi wa mata ciki. Aka kwashe da dariya. Kai ka san rabonka da gida tun kakar bara.

A littattafan nan da kake yi mini tsiya a kansu, a irin wannan wuri yarinya take sumewa. Ni ban suma ba. Na cika tuluna na dawo gida, na shiga bin diddigi. Ashe ranar awon ciki aka kira sunana a gidan likita, Rakiya Sale, da ƙarfi a gaban mata, wata mai niƙabi ta amsa ta shiga. Daga baya aka tambayi matar da ke kiran sunaye, ta ce ai ciki wata uku ne.

Ka san karnen lafiya, ɗan littafin nan da likita ke rubutu a ciki, na kowa a gidan nan cikin kwallar Inna yake, nawa ma tun makon da aka kawo ni ta karɓa. Na tambaye ta, ba ta ɓoye mini ba. Ƙanwarka Basira ce. Cikin fari ne, kunya ta hana ta buɗe karne da sunanta, kada dangin mijinta su ji tun bai fito ba. Inna ta ga nawa yana ajiye ba ya aikin komai, ta ara mata kamar yadda ake aron taɓarya. Ta ce in yi haƙuri, in aka ga ciki bai fito ba maganar za ta mutu. Na ce mata, cikin ladabi, in bai fito ba cewa za a yi na zubar.

Washegari na karɓi karnena a hannun Inna, na sa atamfar da ka kawo mini, na tafi gidan likita ni kaɗai. Na ce ina son ganin abin da aka rubuta a kaina. Mai kiran sunayen ta ce babban littafin na likita ne, ba na matan ƙauye ba. Na zauna a benci na ce zan jira. Can sai majo ta fito, wato shugabar wurin, Madam Kadi. Ta shigar da ni buro, wato ofishinta, ta rufe ƙofa. Ta ce abin da na nema haƙƙina ne a doka: in gani, in akwai kuskure in sa a gyara, kuma ba mai ikon faɗa wa wani ba da yardata ba. Garzali, da ka ga yadda na gyara zama!

Ta rufe sunayen mutane da takarda, ta bar layina kaɗai. Na bi shi da yatsa da ɗan Faransancin da na samu a lakol ina 'yar makaranta. Ga ciki an rubuta, ga kuma rukunin jinin da ba nawa ba. Madam Kadi ta ce wannan ya fi tsegumi haɗari, domin ranar da zan buƙaci ƙarin jini da shi za a yi aiki. Ta auna ni, ta ɗebi jinina, ta ja layi a kan ƙaryar a littafinsu da karnena, ta rubuta gaskiya, ta sa hannu ta buga hatimi. Mai kiran sunayen kuwa ta sha faɗa har ina jiyowa ta taga.

Majo ta tambayi wadda ta zo da sunana. Ban faɗa ba, na ce zan kawo ta da ƙafarta. Na lallaɓa Basira, ta yi kukanta ta gama, muka je ta ƙofar baya aka buɗe mata nata. Kai ma don kai yayanta ne na faɗa maka, da izininta, kada ya wuce ka.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya dawo mini da kai lafiya.

Matarka,
Rakiya

Garin Ɗanmaraya, ta Gangara

Zuwa ga maigidana Garzali,

Assalamu alaikum. Ina fatan tarin da ka ce yana damunka ya yi sauƙi. Nan kowa lafiya, ana shirin girbi. Sanda ya kawo amsarka, na karanta ta har sau nawa ban sani ba.

Inda ka ce ba ka taɓa zargina ba, na yi kuka na daɗi. Amma a ƙasa sai ka ce in ba Sanda karnen ya kai maka, ka nuna wa 'yan garinmu da ke can don su daina yi maka shaguɓe, in ya dawo kuma in mayar wa Inna a zauna lafiya. Nan na ajiye takardar na fita tsakar gida.

Ka yi tunani, maigida. Karnen nan ba maganar ciki kaɗai ke cikinsa ba. Akwai ciwon marar da na yi farkon zuwana, akwai tambayoyin da na amsa wa ungozoma kaina a sunkuye. Shi za a yi ta miƙawa hannu zuwa hannu a bakin ramin zinariya, maza suna karantawa suna shan shayi? Wanda ya ga layin da aka ja kuwa, sai ya tambayi cikin na wace ce, ka ga mun tona Basira.

Matan rijiya sun fara sauke kai da kansu tun da suka ji faɗan da mai kiran sunaye ta sha. Tsohuwar nan jiya ita ta ɗora mini tulu. Inna ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata ciki-ciki, ni kuwa ban fasa durƙusa mata ba, ba kuma zan fasa ba. Uwa ce.

Amma ka yi haƙuri, ba zan aiko da karnen ba, ba kuma zai koma kwallar kowa ba. Yana wurina. Ranar da ka dawo, in kana son gani, ni zan buɗe maka da hannuna, mu biyu a ɗaki.

Ina gaida kai da kewa mai yawa.

Matarka,
Rakiya Sale