Fuskar da Na Hana Ka Gani

Zuwa gare ka Bishara, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko na daminata, mijina abin tinƙahona wanda na kora da hannuna.

Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya a Faya, kai da abokan aikinka na haƙar rijiya. Direban motarku na damƙa wa ita, domin abin da ke ciki ya fi ƙarfin waya. Sau uku ina shirin faɗa maka, sai in ji muryarka a bushe kana tambayar ko akwai wani abu, ni kuma in ce babu. Akwai, Bishara. Kwana goma sha tara ke nan abinci ba ya min daɗi.

Jiya yayarka Halime ta zo. Ta ce an ba ku zuwa ƙarshen wata kowa ya faɗi ko zai ƙara shekara a can, kai kuma ka ce za ka ƙara, tunda a gida ba a marmarinka. Ni ce ba na marmarinka? Ni da har yau nake zuba shayi kofi biyu da safe, sai na ɗauki na biyun in tuna ba mai sha? Don girman Allah kada ka sa hannu a takardarsu sai ka gama karanta tawa.

Ka tuna yammacin da muka zauna a bakin kogin Shari, can unguwar Farsha, kafin a ɗaura mana aure? Masunta na jawo koma, kai kuma ka ƙura min ido ka ce fuskata sumul take kamar ruwan kogi kafin kwalekwale ya ratsa shi. Na sunkuyar da kai, ka ɗauka kunya ce. Tsoro ne, masoyina. A safiyar ranar Gwaggo Ashe, ƙanwar babana, ta cire min gashin fuska da halawa, narkakken sukarin nan mai danƙo. Tun ina shekara goma sha biyar nake da shi a haɓa da saman leɓe, baƙi wuluk, mai taurin kai irin na danginmu. Shekara huɗu muna tare, duk bayan mako biyu ina ce maka zan je kitso gidan Gwaggo. Kitson ana yi, amma ba shi ke kai ni ba. Wannan yabon naka guda ɗaya nake ta gadi, kamar mai riƙon ƙwai a cikin kasuwa.

Da ka kira ran Laraba ka ce gobe kana tafe, bayan wata bakwai, kuma kwana uku kacal aka ba ka, sai hankalina ya tashi. Ku maza ƙamshi kawai kuke ji, ba ku san gyaran jiki yana da tsari ba. Halawa ake fara yi, a bar fata ta huta kwana uku, sannan dilka, sannan turaren tsuguno. Gwaggo kuwa ta tafi ta'aziyya Masaget. Sai na ce me zai gagare ni, ba sukari da lemon tsami ba ne? Na ɗora tukunya ran Alhamis da safe, idona na kan wuta, zuciyata na kan hanyar Faya. Sukarin ya yi duhu, ban jira ya huce ba. Na manna na fizge, na sake mannawa, wuri ɗaya har sau huɗu, saboda wasu 'yan gashi biyu da suka ƙi fita. Ban tsaya nan ba, wauta ba ta gajiya. Na hau turare na lulluɓe har kai, gumi na kwarara a kan fatar da na gama ɗayewa, na sauka na shafa humra har haɓa, wai don ka ji ta in ka matso.

Kafin azahar fuskata ta ɗauki raɗaɗi kamar an goga mata barkono. Leɓena ya kumbura, haɓata ta yi jajir, ƙuraje ƙanana kamar gero suka feso daidai inda gemu da gashin baki suke fitowa. Ko makaho ya shafa ya san abin da aka yi. Na tsaya gaban madubi ina kuka, hawayen ma ƙona ni yake yi.

Da la'asar ka yi sallama, da buhun dabino a kafaɗa, ka rame, ka yi baƙi, kana dariyar nan taka da nake mafarki. Wayyo ni! Maimakon in ruga, sai na ja laffaya na rufe har hanci, na ce haƙori ke ciwo. Ka ce mu tafi asibiti, na ƙi. Ka miƙo hannu a hankali za ka ɗaga mayafin, na buge maka hannu. Ƙarar bugun nan har yau tana kunnena. Wace irin mace ce ke jiran hannu wata bakwai, ya iso ta buge shi?

Ka ci tuwonka kai kaɗai ina zaune can gefe kamar baƙuwa. Washegari bayan masallaci ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "Zenaba, in zuwana ne ya takura ki, faɗa min kawai, ba zan ji haushi ba." Na juya maka baya, domin in na buɗe baki sai gaskiya ta fito. Ran Asabar da safe ka bi mota, saura kwana guda cur cikin hutunka ka bar shi.

Da Gwaggo ta dawo ta ga aikina, ta fara da dariya, sannan ta tambayi wa ya ba ni man da nake shafawa. Na ce mai kemis na bakin titi. Ta riƙe haɓa ta ce, "Au, shi kin buɗe masa ya gani? Ƙaton banza ya ga fuskarki, mijinki da ya keto sahara ya koma da kallon zane. Ke dai Allah ya shirye ki, 'yar nan." Ban taɓa jin magana ta shige ni haka ba.

Ƙurajen sun bushe cikin mako guda, saura ɗan duhu a gefen leɓe. Abin da fata ta warke a kwana bakwai, shi zai cinye mana shekara? Ya hasken ɗakina, ka yafe min ƙaryar haƙori, ka yafe min ƙaryar kitso, ka yafe min da na zaci ƙaunarka ba ta wuce saman fata ba. Wannan zaton shi ne babban laifina, kuma ba ka cancanci shi ba.

Tun ranar ban sake taɓa halawa ba, kuma ba zan taɓa ba sai ka gani da idonka. Gwaggo ta ce na haukace, matan unguwa sun fara kallona a wajen biki, ban damu ba. In ka karanta ka ga duk da haka za ka ƙara shekarar, zan jira, ko goma ce. Amma kada ka ƙara don wai ba a son ka. Yau da safe na ƙirga gashin a madubi, goma sha ɗaya ne a haɓata. Ka zo ka ƙirga da kanka.

Taka ita kaɗai, yau da gobe, har ranar da za a rufe fuskar nan rufin da ba a buɗewa,

Zenaba