Motar da Ɗaurin Kifi Ya Kwantar

Daga yayanka Dabo a Illela, zuwa ga ƙanena Lawwali a Kumasi. Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka da iyalinka lafiya, ya tsare ku daga zazzaɓin kurmi. Mu nan sai godiya. Idon Inna Lubabatu ya ƙara dushewa, amma bakinta na nan yadda ka bar shi. Gero ya yi kyau a Tozai.

Maganar motarmu ce ta sa na ɗauki alƙalami, tunda rabinta naka ne. Ka san lasisin da muka yanka na ɗaukar kayanmu ne kawai, fatu da ƙiraga, ba na haya ba, inshorar ma haka take. Ni na karanta wa ɗana Mukhtari takardun, da bokon nan da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyo a Sakkwato, wanda bai tsinana mini komai ba sai ciwon ido. To, cikin damina Mukhtari, da yake shi ke tuƙa ta, ya taso da lodi, ya iske Jaɓɓo makiyayi da Tasalla mai kifin Kalmalo a bakin hanya, ruwa na dukansu. Ya tsaya ya ɗauke su. Tasalla ta tura masa ɗaurin busasshen kifi tukuici, ya karɓa, don mai da kyautar dattijuwa cin fuska ne. Bayan Amarawa motar ta zame a laka ta faɗa kwari, gabanta ya lotse, Jaɓɓo ya karye a ƙafa.

Akawun kamfanin inshora ya zo daga Kano, ya tambaya ko an biya kuɗin mota. Mukhtari ya ce a'a, kifi ne kawai. Akawu ya ce a dokar Nasara duk abin da hannu ya karɓa lada ne, wanda ya karɓi lada kuwa haya ya yi. Saboda haka ba gyara, ba maganin Jaɓɓo, lasisin ma an riƙe. Sai ya ja ni gefe, wai in Mukhtari zai dafa Alƙur'ani a gaban Joji cewa maƙalewa suka yi a baya ba da saninsa ba, komai zai dawo.

Lawwali, ka tuna ayarin Baba zuwa Tawa, tun Ingilishi da Faransi ba su ja zare tsakaninmu da Ƙonni ba? Ka tuna ranar da jakin Boyi, abokin tafiyarmu, ya mutu a bakin rijiya, kowa ya ɗauki mangul ɗaya na gishirinsa ya aza bisa nasa kayan? Wa ya sa hannu a takarda? Baba bai taɓa wuce mai kaya a hanya ba, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa a garin da ba mu san kowa ba. Yau alherin nan shi ne laifi, ƙarya kuma ita ce maganinsa. An ce zamani riga, amma wagga riga ba a ɗinka ta da mu ba.

Na hana Mukhtari rantsuwar. Ya yi kwanaki ba ya ɗaga ido ya dube ni, don motar ce duk alfaharinsa. Tana nan gindin tsamiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. In za ka yi fushi, da ni za ka yi, ba da shi ba. Sai dai ka ji wannan. Ranar kasuwar da ta wuce muka wayi gari da takarkarai biyu, bijiman ɗaukar kaya, a ƙofar gida. Jaɓɓo ne ya aiko daga kan tabarmar jinyarsa, wai a aza musu fatun kada su lalace, sai ranar da mota ta tashi a mayar masa. Mukhtari da kansa ya ɗaure kayan, irin ɗaurin Baba, ya kama hanyar Sakkwato da ƙafa.

Ka gaida Ramatu da Jamilatu, da Maccido in bai manta Hausa ba. Inna ta ce goron bara ya ƙare. Allah ya sada mu kafin ƙasa ta rufe ido.

Yayanka,
Dabo