Ka Ce Kada Ta Yi Nisa

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da na saba yi maka in ka dawo daga masallaci da safe, wadda kake amsawa da gyaɗa kai kamar ana cajinka kuɗin magana. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, babu ɗan aiken da ke zuwa inda kake. Amma tun ina amarya nake yi maka magana kana shiru, don haka shirun yau ba baƙona ba ne.

Damina ta sauka lafiya a Garo. Dawar bayan gida ta kai gwiwa, jar saniyarka ta haifi maraƙa. Katangar nan da kullum kake cewa gobe za ka gyara ta faɗi da ruwan farko. Na tsaya a kanta ina neman wanda zan ce wa ai na faɗa, ban samu ba. Inna, mahaifiyarka, tana nan da ciwon ƙafarta, yara ƙanana kuma lafiyarsu ƙalau.

Ba don waɗannan na ɗauki biro ba. Maganar 'yarka ta fari ce, wadda ni da kai ba ma kama sunanta. Na saɓa maka a kanta, kuma na fi so ka ji daga bakina.

Sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, ta ci da kyau. Ka san tun tana firamare take cewa likita za ta zama, har tana ɗaure wa akuyoyinmu ƙafa da tsumma alhali lafiyarsu lau. Malam Tasi'u, malaminsu na kimiyya, ya zo har zaure ya yi mana bayani. Ya ce yanzu da maki ya fito ana ba yara dama su sake zaɓen jami'ar da suke nema kafin a rufe. Ita ta cikin birnin Kano ta sa tun farko. Ya ce makarantar ba ta da aibu, sai dai masu neman likita a can sun fi gashin kai yawa, kuma da dama sun ɗara ta maki. In ta bar zaɓinta a nan, abin da ya fi yiwuwa shi ne a tura ta wani karatun daban, ko ta rasa gaba ɗaya. Ya ambaci wasu jami'o'i biyu da makinta zai iya yin tasiri. Ɗaya sabuwa ce a wata jiha kusa da mu. Ɗayar tana can gabas, ƙasar Adamawa.

Yayanka Alhaji Iro yana jin Adamawa ya ajiye carbi. Ya ce ba a yi haka da shi ba. Sannan a gaban yarinyar ya fito da maganar da na ɓoye mata tun ranar da ka rasu.

Ka tuna ta? A asibitin Gwarzo, kana kwance, ni ina gefen ƙafarka, shi yana wajen kanka. Ka buɗe ido ka ce, “Kada ku bari yarinyar nan ta yi nisa.” Alhaji ya ce to. Wanda ke gadon kusa da kai ma sai da ya ce Allah ya ba da iko. Ni ban ce to ba. Ka lura? Na san ka lura, don ka dube ni, ni kuma na dubi robar ruwan da aka rataya maka. Ban yi maka alkawari ba, Malam, kada ka je can kana cewa na karya.

Alhaji ya ce wasiyyar mamaci ba abin wasa ba ce. Ko dai ta bar zaɓinta a birni ta karɓi duk abin da aka ba ta, ko ta nemi makarantar jinya ta nan kusa, ta riƙa kwana a gida. Ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni duk ba wannan ya dame ni ba, na saba da Alhaji da riminsa. Fuskar 'yarka ce ta karya mini zuciya. Bayan sun tashi ta biyo ni madafa, ta tsaya tana murza bakin mayafi, ta tambaye ni wai da gaske Baba ya ambace ta? Ita? Da bakinsa? Da na ce e, sai ta zauna a kan turmi ta yi kukan da ko ranar jana'izarka ba ta yi ba. Kafin magariba ta tattara littattafanta ta zuba a buhu. Ta ce ta haƙura da likita, kusa za ta zauna.

Ka ga abin da ka jawo? Yarinya ta tashi a gidanka ba ka taɓa kiran sunanta ba. Sai dai ka ce wa ƙannenta, ku ce wa waccan ta kawo buta. In ta shigo ɗaki ka fita, in ta gaishe ka ka amsa wa bango. Na sani, kunyar 'yar fari ce, mu Haɓe ma muna yi, ni ma ban taɓa kama sunanta ba. Amma taku ta Fulani ta wuce misali. To yarinyar da ta yi ƙishirwar kalma ɗaya daga bakin ubanta, aka miƙo mata jimla guda, me kake zato za ta yi? Ai ko cewa ka yi ta faɗa rijiya, faɗawa za ta yi tana murna ka tuna da ita.

Na yi fushi da kai sosai. Ina faɗa maka yau tunda ban faɗa a asibiti ba. Kana da numfashin jimla ɗaya, me ya hana ka ce Allah ya yi mata albarka? Me ya sa abin da ka bar mata ya zama dabaibayi?

Na kwana biyu ina juya abin, sai labarin mahaifinka ya faɗo mini, wanda kake ba yara in an idar da cin tuwo. Ka ce a zamanin da kuke tashi da shanu, Baffa Jauro ba ya ɗaga garke a kan ji-ta-ji-ta. Da ƙafarsa yake zuwa ya dubo wurin tukuna. Kuma ka ce ba ciyawa yake fara dubawa ba, don ciyawar bakin hanya maƙaryaciya ce. Shanun da suka riga shi zuwa yake dubawa. In haƙarƙarinsu a waje yake, ko ciyawa ta kai wuya, juyowa yake yi. Na ce a raina, mu da za mu kai 'ya, ba saniya ba, duk cikinmu babu wanda ya taɓa ganin ko ƙofar makarantun nan. Alhaji bai gani ba, Malam Tasi'u a waya ya gani, kai ma da ka kafa doka ba ka gani ba.

Sai na aika wa ƙanena Sa'idu a Gwarzo, na ce ya rufe shago ya raka ni. Ni da ban taɓa wuce Kano ba.

Mun fara da ta kusa, sabuwar. Malam, ka ga gini! Ƙofa kamar ta gidan gwamna, fenti sai ƙyalli, ga furanni an jera. Sa'idu har ya fara cewa Yaya ai magana ta ƙare. Na ce masa ba gini na zo gani ba. Na nemi ɗakin kwanan 'yan mata, na sami wata tana wanki, na zauna na kama mata matsa. A nan ta gaya mini cewa su 'yan ajin gaba zaman jira suke yi. Asibitin da za su koyi aiki ba a gama shi ba, kullum sai a ce an kusa. Ta ce har yau ba ta taɓa ɗora hannu a kan mara lafiya ba. Idonta ya ciko tana faɗa. Na yi mata addu'a na tashi, na ga abin da na zo gani.

Hanyar Adamawa kuwa ba zan yi maka ƙarya ba, na ji jiki. Yini guda muna mota, ƙafafuna suka kumbura, na yi amai a gaban mutane, abin da ko ina da ciki ban yi ba. A hanya sau da yawa na ce a raina, Malam ya yi gaskiya, wannan wace irin duniya ce za a jefa yarinya? Muka isa, ga zafi, ga gine-gine babu wani ado. Amma asibitin cike yake da jama'a, kuma 'yan makaranta na ta kai da kawo a cikinsa da fararen riguna. Na tare wata 'yar Sakkwato tana cin ɗanwake a tsaye. Na tambaye ta ya karatu. Ta ce Mama wahala kawai, ba sa barin mu mu zauna, ko jiya sai da aka sa ni na karɓi haihuwa malama na tsaye a kaina. Tana ƙorafi, ni ina jin daɗi. Ta ja ni ta nuna mini inda suke kwana, na murɗa famfo da hannuna ruwa ya zo, na ga matar da ke tsaron ƙofarsu, dattijuwa mai kaifin ido irin na Inna.

Akwai wata tsohuwa a ɗakin mata tana ta bayani da Fulatanci, wata ɗaliba na fassara wa likita. Fulatancin nan naku da ya tsere maka, bai bar maka komai ba sai ƙirga shanu da zagin jaki. Na tsaya ina kallonsu, na tuna da kai har na yi dariya ni kaɗai.

Da na dawo Alhaji ya sa aka kira ni. Ya ce mace jiya ta fita takaba, yau ta zama 'yar tasha. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da gona, ban rage komai ba. Sannan na ce masa, Alhaji, yadda mahaifinku ya koya muku na yi, na je na dubo shanun da suka riga mu. Na ce masa, da kakanninku sun ƙi nisa, da yanzu babu ko ɗayanku a Garo. Ya ce to alhakin mamaci yana wuyana. Na ce na ɗauka. Har yau ba ya amsa gaisuwata sai da hanci. Inna kuwa tana daga ɗaki tana jin mu. Sai da zan fita ta tambaye ni ko ruwan can yana da daɗin sha.

'Yarka ce ta fi ba ni wuya, don taurin kanta nawa ne, ba ta bar mini ko kaɗan ba. Ta ce ba za ta taka maganar Baba ba. Sai na zaunar da ita na tona maka asiri. Na gaya mata ranar wata jarrabawa da suka yi bara a Kabo, da ka ce kanwar shanu za ka saya shi ya sa za ka rage mata hanya a babur, kanwa buhu guda tana ɗaki ba a ko kwance ta ba. Yini ka yi a gindin darbejiya a bakin makarantar, mai shayin wurin ne ya faɗa wa Sa'idu. Na gaya mata shekarar da ta zo ta ɗaya, zakaran da ka yanka ka ce wai cararsa ta dame ka, zakaran nan ko cara bai fara ba. Na ce mata, wanda ya yi maganar asibiti ubanki ne, ciwo ya ci ƙarfinsa, yana tsoron barinki babu shi. Wanda ya yini a rana don ki rubuta jarrabawa shi ma ubanki ne, kuma shi lafiyarsa ƙalau. Ki zaɓi wanda za ki bi.

Na yi ƙarya, Malam? Ba tsoro ba ne? Ni ma ina jinsa. In ta tafi, wa zai riƙa karanta mini takardar magani, wa zan yi wa faɗa in ji sanyi? Kana tsammani ni ba na so in leƙa ɗaki in gan ta? Amma ba zan ɗaure ta a turke don ni da kai mu sami barci ba.

Ranar Litinin muka je Gwarzo, shagon da ake sauya zaɓin a kwamfuta. Wurin cike da yara da iyayensu. Da layi ya zo kanmu, mai shagon ya tambayi wace jami'a, ta buɗe baki da kanta ta ce ta Adamawa. Sai ya ce cikakken suna. A nan hawaye suka zubo mata, ta kasa faɗa. Ya sake tambaya, mutanen baya suka fara tsaki. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, Ruƙayya Abubakar Garo. Da ƙarfi na faɗa, har na bakin ƙofa suka waiwayo.

Sunaye biyu ke nan da bakina bai taɓa furtawa ba, nata da naka, na haɗa su a numfashi ɗaya a tsakiyar kasuwa. Ƙasa ba ta tsage ba. Ita dai ta juyo ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta kama hannuna ba ta saki ba har muka hau mota.

Ban sani ba ko za su ɗauke ta, sunaye ba su fito ba tukuna. In sun ɗauke ta, ni zan kai ta da ƙafata, na riga na san hanya. In ba su ɗauke ta ba, baɗi ma can za mu sake nema, ko inda ya fi can nisa. Littattafan dai sun fito daga buhu.

Allah ya jiƙanka, ya sa haske a kabarinka, ya yafe maka shirunka, ni ma ya yafe mini bakina. In ka yi fushi, riƙe abinka har in zo, ka yi mini faɗan gaba ɗaya, ka ga ka sami dalilin yi mini doguwar magana. Amma ranar da muka haɗu, kafin ka fara, sai ka faɗi sunanta na ji.

Taka har kullum,
'yar Haɓen nan da ba ta ce to ba,
Uwar Ruƙayya.