Ban kyautar da kayan jego ba

Yaya Rifkatu,

Ki gafarce ni da na rubuto, baki ne ya ƙi buɗuwa.

Jiya da kika dawo daga asibiti babu jaririn, kin ce in kyautar da duk abin da muka tanada don hutun haihuwarki. Ban kyautar ba. Dambun kifi da soyayyen tattasai suna cikin langa. Don kada albashi ya ƙare a kasuwa muka yi su.

Maƙwabciyarmu Inna Larai ta ce ko babu jariri jego yana nan, jiki bai san an rasa ba.

Na tafi tashar Malam Madori tun ba ki farka ba, an koma makaranta. Kunu yana filas. In za ki yi fushi da ni, ki sha tukuna.

Ƙanwarki,
Saratu