Ƙwayar Wake Ɗaya Ta Shiga Tsakanina Da Ɗiyata

Assalamu alaikum Hajiya Iklima. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma da wuri, domin Asabar biyu kawai suka rage mini. Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haifi 'ya'ya shida sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, wasiƙar nan ma kwana uku ina fama da ita.

Ni mutuniyar Liba ce a ƙasar Maiyama. Maigidana manomin albasa ne, ni kuma saƙar faifai ce sana'ata tun ina budurwa. Maganar a kan ɗiyata ta fari ce, shekarunta goma sha tara. Ba zan rubuta sunanta ba, kin san dalili. Tun ranar da aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba. In ina son ta, sai in ce "ke", ko in yi gyaran murya, ta kuwa san da ita nake.

Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta barin bango ya huta da gawayi. Bara da ta gama sakandare ta ji labarin wata ƙungiya ta masu zane da ta haɗa mutanen Jega da Aliero da Maiyama. Suna da ajin mata kowace Asabar da hantsi, wannan mako a wannan gari, mako mai zuwa a wancan, a ajin firamare da ake ara musu. Ba zama ake yi ana sauraron bayani ba, hannu ake sawa. A ba ki burushi da fenti da ƙyalle ɗaure a katako, a ce bisimilla. Ta yi ta roƙon babanta har ya yarda da sharaɗi biyu: ba zanen mai rai, kuma ba ta shiga mota ita kaɗai. Haka na zama 'yar rakiya.

Asabar uku ina zaune a bayan aji ina saƙar faifaina. Ta huɗu a Jega ne. Malamar ajin, Malama Salima, tana ta fama da 'yan mata su haɗa launin ɓawon albasa, sai fitowa yake kamar zoɓo. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce a rage shuɗin, a ɗiga ɗan ruwan ƙasa. Shekara talatin ina dama galura ina rina kaba, ido ya saba. Malama ta juyo tana dariya, ta ce tunda Inna ta iya faɗa, sai ta taso ta nuna. Ta danƙa mini burushi, mata suna ta tafi suna cewa yau faifai ya sami kishiya.

Hajiya, ban san yadda zan kwatanta miki ba! Na ja layin farko, sai na ga launin ya kwanta a ƙyallen yana sheƙi, daidai da albasar da aka cire da safe ƙasa ba ta gama bushewa a jikinta ba. A faifai launi bin kaba yake yi, inda ta lanƙwasa nan zai tsaya. A nan kuwa inda na ce ya je nan yake zuwa. Har aka kira azahar ban ji ba. Na koma gida da fenti a gefen hijabi da kan hanci, maigida ya dube ni ya ce ashe mai rakiya ta fi mai tafiya sauri. Tun daga ranar idona ya canza. Ina wanke-wanke ina kallon inuwar randa, ina cewa a raina ashe ba baƙa ba ce, akwai shuɗi a ciki. Gajimaren yamma na kan fadama na ƙirga masa launi biyar. Ni da nake ganin na gama ganin duniya! Ran Juma'a tun la'asar nake wanke burushina in ɗora shi a murfin kwano kamar mai shirin biki.

Wata bakwai muna tafiya tare ni da ita. A mota ba ma yawan magana, amma in muka wuce wani abu mai kyau sai ta taɓa gwiwata ta nuna da haɓa. Rabona da in zauna kusa da ita haka tun tana goye.

To ga inda abin ya ɓaci. An gina sabuwar makarantar matan aure a Aliero, masu ita suka ba ƙungiya katangar da ke fuskantar hanya, a zaɓi zane biyu daga ajin mata a faɗaɗa su a kai, kowace mai zane ta jagoranci nata aikin. Mu goma sha shida ne. Kowa ta yi nata cikin mako huɗu. Ni na zana rumfar albasa bayan girbi, hasken safe yana shigowa ta tsakanin kara yana sauka a kan tari. Ita ta zana gadar gulbi da ruwan damina a ƙarƙashinta. Ranar zaɓe a Maiyama aka jingina su a bango, aka ajiye kwano a gaban kowanne, aka ba kowace mace ƙwayar wake ɗaya ta jefa a gaban wanda ya fi burge ta, ban da nata. A gaban kowa ake yi.

Ita ce ta fara tashi. Ba ta ko tsaya dube-dube ba, ta zo ta jefa wakenta a kwanona. Ni ce ta kusa da ƙarshe. Na tsaya a gaban gadarta, wallahi Hajiya in kin gan ta sai kin ji kamar ruwan zai jiƙa miki ƙafa. A idona babu kamarta a ɗakin nan, har da nawa. Amma ga matan garinmu biyu a zaune suna kallona, ga tsofaffi. Ta yaya zan miƙa hannu a bainar jama'a in ce ɗiyata ta fari ce gwana? Hannun ya ƙi. Na ja hijabi na rufe baki, na matsa gaba na jefa a kwanon wata yarinya 'yar Jega, Amatullah, da ta zana bishiyar tsamiya.

Da aka zube kwanoni, nawa bakwai. Na Amatullah huɗu. Nata uku. Sauran biyun suka faɗa wani wuri. Ko ni da na yi karatu da girma na iya wannan lissafin: da wakena ya shiga inda zuciyata take, da ita ce ta biyu. Ana ta guɗa ana rungume ni, ni kuwa ina hangen ta tana naɗe gadarta a jarida a hankali.

Muka koma gida. Tana gaishe ni, tana aikinta, har burushina ta wanke mini. Amma ta daina taɓa gwiwata a mota, kuma Asabar da ta wuce ta ce kanta na ciwo. Na tafi Jega ni kaɗai, 'yar rakiya ba wadda ake rakawa. Gwaggonta Hindu, yayar maigida, ta ce daidai na yi, da na jefa mata da an yi shekara ana zancen rashin kunyata a Liba, kuma yarinya ai ta san al'ada. Maigida ya ce abin mata ne, ba ya shiga. Na tambayi Malama Salima a gefe, ta ce in wadda aka zaɓa ta janye, ta uku ce ke hawa. Ta ce amma in yi tunani, don za a fara aikin katanga nan da Asabar biyu.

Ga abin da nake jin nauyin rubutawa. Ba na son janyewa. Na je Aliero na tsaya a gaban katangar nan, fara tas, ta fi ɗakina tsawo, na riga na ga inda hasken zai faɗo. Tunda nake ba a taɓa zaɓena a komai ba. Amma ita ce mai abin tun asali, ni tsintar shi na yi a hanya. Wace irin uwa ce za ta hau tsani tana murna ɗiyarta na gida da ciwon kai na ƙarya? In janye ta hau? In na janye, ta yaya zan gaya mata, ni da ban taɓa zama da ita mun yi magana irin wannan ba?

Taki,
Mai saƙar faifai, daga Liba.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin komai, barka! Wake bakwai daga mata goma sha biyar ba kyauta ba ce, idonki da shekara talatin na galura ne suka jawo su. Ki yi murnarki ba tare da kin nemi gafarar kowa ba. Rubutunki kuma ba inda na yi tuntuɓe.

Gwaggo Hindu tana da gaskiyarta. Kunyar ɗan fari ba wasa ba ce, kuma ba ƙiyayya ba ce, mu ma da ita aka rene mu. Na san nauyin da hannunki ya yi a ranar. Amma ki duba da kyau. Kunya ta hana ki kiran suna da yabon naki a taro. Ba ta ce ki ba da shaidar da ba ita ce a ranki ba. An tambaye ki wanne ya fi, kika nuna wani. Yarinyar ta san al'ada, haka ne. Abin da ba ta sani ba shi ne ko gadarta ta burge ki, domin ba ki taɓa faɗa ba, kuma ranar da aka ba ki hanyar faɗa ba da baki ba, kika wuce. Ina ganin wannan ne ciwon kan, ya fi katangar yi mata zafi.

Saboda haka kada ki janye. In kin janye, za ta hau tsani ne a matsayin wadda aka tausaya wa, kowa a ajin ya sani, ita ma ta sani. Ga shi za ki mayar da wakenta banza, alhali ita ce ta fara zaɓenki da zuciya ɗaya. Kada kuma ki nemi a sake zaɓe, Amatullah ba ta yi wa kowa laifi ba.

Abin da ya rage shi ne mai wuyar, kuma kada ki aika kowa. Ki sami lokacin da kuke ku biyu hannuwanku na cikin aiki, tsinar shinkafa ko yankan kuɓewa, yadda ba sai kun haɗa ido ba. Ki ce a idonki gadar nan ta fi duk abin da aka jingina a bangon, har da naki, kuma nauyin idon mutane ne ya karkatar da hannunki, kin yi kuskure. Magana uku ce, ba sai kin kira suna ba. In ta yi shiru ko ta yi kuka, ki bar ta, kada ki cika wurin da bayani. Bayan kwana ɗaya ko biyu ki roƙe ta gadar, ki rataye a ɗakinki inda duk mai shigowa zai gani. Wanda ya tambaya ki ce ta gidan nan ce.

Kada ki yi saurin cewa ta zo ta taya ki aikin katanga, zai yi kama da lallashi da alewa. In ta huce ta kawo kanta, ki ba ta aiki na gaske, ki kuma bi maganarta inda ta fi ki sani. In ba ta zo ba, kada ki riƙe ta a rai. Shekarunta sha tara, hannunta na da kyau, katangu ba su ƙare ba a garuruwa uku.

Ki kuma gaya wa Malama Salima, cikin ladabi, cewa nan gaba a riƙa rufe kwanonin ko a fitar da mutane waje ana shiga ɗaya-ɗaya. Aji ne da ke tara uwa da ɗiya, suruka da matar ɗa. Ba ke kaɗai ce za ki tsaya da wake a hannu kina jin idon mutane a bayanki ba.

Ki yi maganar nan kafin Asabar ta farko, kada ki ɗauki burushi a Aliero ba ki faɗa mata ba. Sannan ki ɗaura ɗamara, ki sa a riƙe miki tsani da kyau, ki zuba wa katangar nan duk hasken da kika gani. Allah Ya sanyaya zuciyar yarinyar, Ya yi wa hannuwanku biyu albarka, Ya sa matan da za su riƙa shiga makarantar nan su ɗaga kai su ce wata irinsu ce ta yi.

Hajiya Iklima