Falwaya Mai Hula

Zuwa ga uwar ɗakina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya jikin Yaya? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa aikin da aka yi mata a ƙugu ya zama ƙarshen wahala. Ki gaya mata ta yi jinyarta a tsanake, amma kada ta manta aron ki na ba ta.

Auta ta ce in riƙa kiran ki a waya kamar sauran mutane. Na ce mata wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana raba wasiƙu gida-gida ba zai tsufa yana yi wa ɗan gilashi ihu ba. Kuma maganar da nake tafe da ita tana bukatar a zauna.

Kin san motar nan ta surukinmu Injiniya, wadda ke yawo ba direba, da wani abu a kanta yana juyi kamar an kifa tukunya. Sai jiya na gane abin da take yi. Ashe duk zaryar da take yi a layinmu tun bara, taswira take zanawa. Abin da ta gani yau ba ta gani gobe ba, sai ta watsar. Abin da ta tarar kullum a wuri ɗaya, kamar katanga da falwaya da bakin kwalbati, sai ta riƙe shi a matsayin alama. Da waɗannan alamomin take auna inda take, ta san inda za ta karya kwana. Wannan dabarar ce Injiniya ya kai ofishin da ke tantance ƙirƙira, yana neman takardar mallaka, don kada wani ya kwaikwaya ba da izininsa ba.

To, matar da aka ba aikin duba takardunsa ta aiko masa da tambaya ɗaya: ta yaya motar ke bambanta abin da ba ya motsi da abin da bai motsa ba tukuna? Ta ce bayanin takarda bai ishe ta ba, za ta zo ranar Alhamis ta gani da idonta.

Jiya da hantsi ya zo ya durƙusa a gabana, abin da rabonsa da yi tun yana neman auren Auta. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini taswirar layinmu. Ga katangar mai walda, ga shagon tela, a daidai kwanar gidanmu kuma ga wani dunƙule mai faɗin ƙasa da tsini a sama. Ya ce da wannan motar ta fi dogara, domin tun da aka cire falwayoyi za a gyara titi, shi ne abin da bai taɓa gusawa ba. Na ce wane irin dutse ne wannan ban san da shi ba? Ya sunkuyar da kai ya ce, Baba, kai ne.

Ni ne, da kujerata, da hulata. Na san dariya kike yi, ki gama ina jira.

Sake taswira zai ci makonni. Roƙonsa in zauna ranar Alhamis yadda na saba, kada in motsa. Auta ta ce wannan rufa-rufa ce, ba ruwanta. Amma ga inda abin ya tsaya mini a wuya: masu zuba masa jari sun ce in ba takardar nan, sun janye. In sun janye, zai karɓi aikin nan da ake ta kiran sa a can nesa, ya kwashe Auta da jikokinmu. Ni kuwa ban ga yadda zan iya safiya ba tare da sun zo sun zubar mini da shayi ba. Na amsa masa.

Ki gaida Yaya da mutanen gidan.

Mijinki,
Mai Kujera


Zuwa ga uwar ɗakina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan Yaya ta fara taka ƙafar, ke ma kina samun barci. Amsarki ta iso, na kuma karanta inda kika ce ko ƙarfe ya gane abin da kika daɗe kina faɗa. Na gode. Ki dai tuna ni ƙarfen ya zaɓa a duk faɗin layin nan.

Ban taɓa sanin zama aiki ne ba sai da aka ce in yi shi da gangan. Injiniya ya zo da alli ya zagaye ƙafafun kujerar a ƙasa. Ya hana ni sauya riga, wai motar ta saba da farar nan. Ya hana ni aski. Hular ma sai ya karkata ta dama, wai haka take a taswira. Na ce masa shekara da shekaru nake zaune a nan ba wanda ya koya mini, ya ce a da zaman banza nake yi, yanzu kuwa na kimiyya ne. Daga baya ya lura da abin da ya faɗa, ya yi ta ba ni haƙuri.

Mun yi gwaji jiya. Abin mamaki, da zarar an ce kada ka motsa, sai hanci ya fara ƙaiƙayi, ƙuda ya gano kunnenka, mara ta tuna da shayin safe. Ni da kan wuni a kujerar nan ban san rana ta faɗi ba, sai ga ni ina ƙosawa kamar ɗan makaranta.

Labari kuma ya zagaye layi. Tela yanzu in zai wuce sai ya ce, sannu da tsayuwa, Falwaya. Mai walda ya ce zai zo ya ɗaura mini fitila a ka, unguwa ta amfana. Matar mai shago ta tambaya ko za a iya shanya a jikina. Na bar su. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa shiga takardar gwamnati a matsayin abin dogaro.

Auta ba ta yi mini magana sosai. Ta kawo abinci ta ajiye, ta ce, Baba, in matar nan ta tambaye ka fa? Na ce ba zan yi ƙarya ba, zama kawai zan yi, kuma ba a taɓa kama mutum da laifin zama a ƙofar gidansa ba. Ta dube ni irin duban nan naki, ta tafi. Na lura ta fara tara kwalaye a bayan ƙofa. Ban tambaye ta na mene ne ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ki sa mu a addu'a gobe.

Naki har kullum,
Mai Kujera


Zuwa ga uwar ɗakina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mai jiki, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Mai tantancewar ta zo. Na zaci yarinya zan gani mai takalmi ƙwas-ƙwas. Sai ga dattijuwa, sa'arki ko ta ɗan girme ki, da tabarau da jaka da sanda. Ta gaisa da Injiniya, ta leƙa motar, ta yi tambayoyi biyu uku da suka sa shi share gumi. Sannan ta ce za ta nemi inda za ta tsaya ta ga kwanar sosai. Duk faɗin layin nan ba inda ya yi mata sai gefen kujerata.

Ta gaishe ni da ladabi, na amsa da baki kawai, kai bai motsa ba. Ta tsaya. Rana ta take. Ta sauya ƙafa, ta jingina da sandar, ta yi wani ɗan nishi. Daga can Injiniya yana zaro mini ido yana girgiza kai. Motar ta taso daga ƙarshen layi a hankali. Matar nan ta sake nishi, ta ce gwiwa ba ta da kirki in an tsufa.

Ke kin san wadda ta haife ni. Da tana raye ta ga baƙuwa mai sanda a tsaye ina zaune, da sai na kwana ina jin kunnena. Na tuna jikoki, na tuna kwalayen Auta, na danne kujerar da hannu biyu. Amma ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Sai ji na yi na miƙe ina cewa, bismillah, Hajiya, zauna. Ta ce Allah ya yi albarka, ta zauna daram.

Na ce bari in shiga in ɗauko wata kujerar in dawo da sauri. Nan ne abin ya lalace. Injiniya ya bayyana mini daga baya: ita motar ta yi imani ba na motsi. Da ta ga na gusa hagu, sai ta ce a'a, wannan ba ya gusawa, ni ce na kauce, bari in gyara. Sai ta karkato hagu. Na ƙara taku, ta ƙara gyara. Na nufi ƙofar gida, ta hau dakali ta biyo ni. Na fasa na tsallaka wajen tela, ta juyo. Ba gudu take ba, tafiyar akuya mai ciki take yi, amma duk inda na sa ƙafa tana nan a bayana da tukunyarta tana juyi.

Injiniya ya ɗaga abin kashe ta, matar ta ce, bar ta, ɗana, ina kallo.

Haka muka zaga layin nan, ni a gaba, mota a baya, mutane sun fito ƙofa-ƙofa. Mai walda har da zama a ƙasa don dariya. Tela yana ihu wai a kira 'yan jarida, Falwaya ta tsinke. Da numfashi ya ƙare mini na faɗa zaure na rufo ƙofa. Da ta neme ni ta rasa, sai ta tsaya cak tana kuka ƙit-ƙit kamar maraya. Kafin ta tsaya dai ta bi ta kan tukwanen fulawarki. Biyu sun rasu, ɗaya tana jinya.

Da ƙura ta lafa, matar ta sha ruwa ta ce da Injiniya takardarsa a yadda take ba za ta wuce ba. Ta ce tun a ofis ta ga zanen, kuma ta daɗe tana wannan aiki amma ba ta taɓa ganin falwaya mai hula ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ba shi wa'adin wata biyu ya gyara, ta kuma ja masa kunne cewa ba a cusa sabon abu a takardar da aka riga aka shigar, sai dai ya nemi mafita a cikin abin da ya rubuta tun farko. Da za ta tafi na lura sandar a hammata ta saƙale ta, tana tafiya garau.

Na ba Injiniya haƙuri. Ya ce ba komai, Baba, da muryar da ke cewa akwai komai.

Mijinki mai ciwon ƙafa,
Mai Kujera


Zuwa ga uwar ɗakina,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin jin Yaya ta ajiye sanda, kuma kina shirin dawowa ƙarshen wata. Ki yafe mini jinkirin amsa, ban samu zama ba. Ki sake karanta wannan layin, ba kuskure na yi ba.

Bayan abin da ya faru, Injiniya ya kwana biyu ba ya cin abinci. Auta ce ta zaunar da shi suka bi takardar layi-layi. Ashe can ciki ya taɓa rubuta cewa motar za ta riƙa gwada alamomi da junansu, in ɗaya ta saɓa wa sauran, ita za a tuhuma, ba duniya gaba ɗaya ba. Ya rubuta, amma bai taɓa koya wa motar ba, domin a ganinsa ba alamar da za ta tashi ta yi tafiya. Sai ya janye manyan iƙirarin da ya yi, ya tsaya a kan wannan kaɗai.

Amma sai an nuna yana aiki, kuma a duk garin nan alama ɗaya ce aka tabbatar tana tashi. Don haka aka sake ɗaukata aiki. Yau in zauna a ƙofar tela, gobe bakin kwalbati, jibi in miƙe daidai lokacin da take karya kwana in tsallaka titi. Tun tana biyo ni, ta koma tana ɗan waiwaye, har ta daina. Jikoki ke ɗaukar mini kujera, suna faɗa a kan wanda zai riƙe hula.

Dattijuwar ta dawo shekaranjiya, ba sanda. Na zauna, na tashi, na zaga, har ɗan tsalle na yi da ta roƙa, ko da yake ina zargin wannan don nishaɗinta ne. Motar ta karya kwanarta lafiya lau. Jiya saƙo ya zo cewa an amince da abin da ya rage na takardar. Injiniya ya ce ta fi wadda ya nema ƙanƙanta, amma masu jari sun ce ta ishe su. Su Auta ba inda za su. Auta ta rungume ni tana kuka a gaban mutane, har na rasa inda zan sa idona.

Abu ɗaya zan gaya miki, kada ki gaya wa kowa. Da safen nan motar ta wuce ni a bakin titi. Na ɗaga mata hannu. Ko rage gudu ba ta yi ba, ta wuce kamar ba mu taɓa sanin juna ba. Injiniya ya ce nasarar ke nan. Na ce haka ne. Amma na ɗan ji wani abu a ƙirji, don ba kullum ake samun wanda ya yarda da kai har ya gwammace ya ƙaryata duniya ba.

In za ki taho, ki biya kasuwa ki sayo mini takalmi mai taushin ƙasa. Nawa ya ɓule a dunduniya. Kuma kada ki sa kowa ya zo tarbar ki a tasha, ni zan zo, a ƙafa.

Ki gaida Yaya, ki yi mata godiya da ta mayar da aro.

Mijinki da ke jiran ki,
Baban Auta