Daƙashin Tunkiyar Murja

Sabo, Badun
6 ga Agusta, 1967

Zuwa ga matata Murja,

Bayan gaisuwa mai yawa da so da bege, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Baba? Yaya Umma da duk mutanen Bichi? In kin tambaye ni, lafiyata lau, sai kewarki da cin amala, tuwon Yarabawa, babu fashi.

Wannan ita ce takarda ta biyar da na ba Maharazu direban motar goro ya kai miki, kuma har yau ko layi ɗaya ban samu ba. Ban yi fushi ba. Wata shida ke nan da kika tafi gida bayan rasuwar yaronmu, na kuma ce ki zauna har zuciyarki ta huce. Amma Murja, ina so ki dawo. Na faɗa tun a sama don kada ki ce na yi ta kewaye-kewaye irin na 'yan goro.

To albishirinki! Tunkiyarki ta haihu shekaranjiya da hantsi, tagwaye, mace da namiji. Namijin fari ne tas da baƙin kunne ɗaya. Ni da ban san komai ba sai tsintar goro, ga ni na zama ungozoma. Da kin gan ni na naɗe hannun riga ina ta salati, da kin yi dariya har kin zauna.

Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, turken duk ya caɓe, sai na kwashe su na kai ɗakin goro, tunda nan ne rufin ba ya yoyo. Na gasa musu cibiya da tsumma mai ɗumi. Sannan na yi wa uwar gwajin nono yadda gwaggona Inno take yi. Ki yi haƙuri da na ambaci wannan, na san abin da zai tuna miki. Na tatsi kaɗan a murfin kwano, ga shi rawaya mai kauri, na jefa tururuwa, ba ta iya fita ba. Sai na tatse daƙashin na zubar, na raba su da uwar, ina ba su madarar gwangwani da cokali.

Macen dai ba ta jin magana, ta gado ki. Ina masallaci da azahar ta sulale ta ƙarƙashin ƙyaure, na dawo na same ta a hantsar uwarta tana kaɗa wutsiya. Sau uku tana yi mini haka, na sallama ta. Namijin kuwa na tsare shi kwana biyu cur, ko ɗigo bai sha ba sai yau da nonon ya yi fari.

Ki gaishe da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Mika'ilu

Sabo, Badun
21 ga Agusta, 1967

Zuwa ga Murja,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ke da su Baba kuna lafiya, damina kuma ta yi albarka. Mu nan gari ya ɗan ruɗe, ana ta cewa yaƙi ya iso wajen Ore. Sojoji sun sa shinge a Mokola, wasu ma a unguwar nan sun fara ɗaure kaya. Ni ban ɗaure komai ba, kada hankalinki ya tashi.

Abin da ya dame ni ɗan ragon nan ne. Yana kwana goma na ga yana ɗingishi. Na ce ko uwar ce ta taka shi. Washegari gwiwar gaba ta kumbura kamar lemun tsami, in ka taɓa zafi rau, shi kuma sai kuka. Kafin jibi ta baya ma ta kama. Ya daina tashi, sai ya kwanta yana kallon 'yar'uwarsa tana tsalle a kan huhunan goro. Na shafa man shanu, na ɗaure da tsumma, na tofa abin da na sani, abu sai gaba yake yi.

Da na ga ba dama na saɓa shi a wuya na nufi kara, kasuwar dabbobi. Akwai malamin dabbobi a can, Bayarabe ne, amma ya zauna Zariya, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Sabo. Bai fara duba gwiwar ba, sai ya kifar da shi ya duba cibiya. Wallahi Murja ni ban lura ba, ashe ta yi ja, tana jiƙe, da ya matsa har mugunya ta fito. Ya tambaye ni inda suke kwana da abin da suka fara sha. Na ba shi labari tiryan-tiryan ina jiran yabo. Kai! Tun da Malam ya daina dukana a makarantar allo ban sha faɗa irin na ranar ba.

Ya ce ciwon gaɓoɓi ne, kuma ta cibiya yake shiga. Ɗanyar cibiya ƙofa ce a buɗe, in ta kwanta a ƙasa mai laima da ƙazanta cuta ta bi jini ta je ta zauna a gwiwa. Ɗakin goro kuwa kin san shi, kullum cikin yayyafa ruwa muke don kada goro ya bushe. Tsumman da na yi gashi da shi ma ya ce ƙara wa cutar hanya na yi. Daƙashin da na zubar kuma, ya ce shi ne garkuwar ɗan tunkiya, wanda bai sha shi a wunin farko ba kowace cuta sai ta kayar da shi. Shi ya sa macen take garau. Ɓarauniyar ta fi ni hankali.

Maganin allura ce, fanisilin, kullum ɗaya har kwana goma, ko da ya miƙe ba a tsayawa. Tana wuyar samu yanzu, an ce duk ana kaiwa bakin daga, amma yana da 'yar kwalba ya ce zai yi mini. Kowace safiya ina saɓa shi zuwa kara. Sojojin shinge har sun san ni, suna ce mini mai goyon rago. Na share turke, na ƙone tsohuwar shimfiɗa, na ɗaga wurin da ƙasa, na zuba busasshiyar dusar katako. Sau biyar a wuni ina riƙe shi a ƙarƙashin uwar ya sha. Ya kuma ba ni aidin, maganin nan da ake sa wa rauni, ya ce duk ran da aka sake haihuwa in tsoma cibiyar a ciki nan take, in maimaita in ta ɗan sha iska, in kuma bar ɗa da uwarsa.

Bai ba ni tabbas zai tashi ba. Na ji kunyar rubuto miki, amanarki ce kika bar mini na yi mata haka. Ki sa shi a addu'a, ni ma ki sa ni.

Naki,
Mika'ilu

Sabo, Badun
1 ga Satumba, 1967

Murja,

Ina gaishe ki, ina gaishe da su Baba, da fatan kowa lafiya. Wannan takardar ki karanta da kanki, kada ki ba kowa ya taya ki, ko da rubutuna ya yi miki wuya. Karatun da kika yi a ajin manya ya isa.

Ɗan rago ya miƙe. Ran allura ta shida na same shi tsaye yana rawar ƙafa, tuni kuma aka yi ta goma. Kumburin ya saɓe, sai dai gwiwar gaba ta ɗan sandare, malamin ya ce wataƙila haka zai rayu. Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba.

Tun ranar da aka yi mini faɗan nan abu ɗaya yake cin raina. Ran nan na daure na tambayi malamin, to tururuwar fa da ta mutu? Ya dube ni, ya ja ni wurin wata saniya da ta haihu da safen, lafiyayya, ɗan maraƙinta na tsotso. Ya tatsi daƙashinta a tafin hannu, ya ce in kamo tururuwa da kaina. Na jefa. Ta nutse, Murja. Ya ce kowane daƙashi haka yake, kauri ne da shi, ko a zuma ka jefa ta ba za ta fita ba. Na nemi wuri na zauna. Na ce masa to na mutane fa? Ya ce shi ba likitan mutane ba ne, amma yayarsa ungozoma ce a asibitin haihuwa, in je in same ta.

Na je. Ban taɓa ba kowa labarin yaronmu ba sai ita. Na gaya mata haihuwar fari ce, rikici ya hana ki zuwa goyon ciki gida, kika haihu a hannun Inno. Na gaya mata an gwada nononki tururuwa ta mutu, aka ce ba shi da kyau, aka hana shi kwana uku ana ba shi ruwa da nonon akuya. Ran na huɗu kika faki ido kika ba shi, ran na biyar ya ƙi kama mama, ran na shida ya koma, saura kwana ɗaya suna. Kafin ta taɓo maganar nono sai ta tambaye ni cibiyarsa. Na tuna ta yi ja, ta kumbura, tana wari, jikinsa kuma zafi kamar garwashi. Ta tambayi abin da aka yanke ta da shi da abin da aka gasa ta. Ta daɗe tana ce mini pele, pele, wato sannu da Yarabanci. Sannan ta ce ba ta ga yaron ba, amma irin wannan ta gani ba adadi, ta cibiya yake shiga. Nonon uwa na farko kuwa ta ce magani ne, su a wurinsu da shi ake fara wa jariri.

Murja, ba nononki ba ne. Ajali ne ya zo, wannan ba mai tsallake shi, amma sanadin ba daga jikinki ya fito ba. Abin da kika ba shi ran na huɗu shi ne mafi alherin abin da ya shiga cikinsa a duniya.

Ba na so ki riƙe Inno, abin da ta gada ta yi, kuma da na gaya mata ta yi kuka har ta ba ni tausayi. Ni ne dai. Tsumman gashin daga tsohuwar rigata aka yage shi, ni na miƙa. Da kina kuka kina cewa a ba ki ɗanki, ni na ce ki bi maganar manya. Wanda ya fi ci mini rai kuma, ranar da aka dawo daga maƙabarta kika ce mini nononki ne ya kashe shi, na sunkuyar da kai na yi shiru. Na ɗauka haƙuri nake yi, ashe ke kin ɗauka na yarda ne. Kin tafi da wannan shirun har Bichi kina ɗauke da shi wata bakwai. Ki yafe mini don girman Allah.

Ko ba za ki dawo yanzu ba, ki sauke wannan kayan, ba naki ba ne.

Ni ne mai neman gafararki,
Mika'ilu

Sabo, Badun
8 ga Oktoba, 1967

Zuwa ga Murjata,

Gaisuwa irin wadda ba ta shiga takarda. Ina fatan kina lafiya, Baba da Umma suna lafiya, an kuma fara shigo da amfanin gona. Nan gari ya lafa, yaƙin ya ja baya, waɗanda suka ɗaure kaya sun kwance.

Maharazu ya iso jiya da la'asar. Tun daga bakin layi yake ɗaga takarda sama yana kiran sunana, sai da ya tara mini jama'a, ɗan banza. Layi huɗu kika rubuta, na karanta su ya fi sau ashirin. Ya kuma tsegunta mini wai kin tambaye shi ran da motar za ta juyo, da ko akwai wuri a gaba. Ni kuwa yau na sa an yi wa ɗakinki farar ƙasa.

Kin tambayi ɗan rago. Yana nan yana cin ɓawon rogo da dusa, yana bin 'yar'uwarsa da ɗan ɗingishinsa. Ta fi shi girma, ta kuma fi shi rashin kunya. Tumaki biyu sun haihu a layinmu, duka ni aka kira da kwalbar aidin, kuma ban bar kowa ya taɓa hantsar uwa ba. Huɗu ne 'ya'yan, babu mai ɗingishi.

Kin ce kin yafe. Na gode, Allah ya yafe mana baki ɗaya. A nan na kasa ci gaba da karatu sai da na shiga ɗaki na rufo ƙofa.

Sai layin ƙarshe, inda kika tambayi sunan da na raɗa masa a kunne ranar da na yi masa huɗuba. Tunda ba a kai ga suna ba, babu wanda ya sani sai ni da shi da Allah. Na yi ta jira ki tambaya, na kuma ji tsoron faɗa ba ki tambaya ba. Na san ba a rubuta sunan suruki, ba a kuma kiran sunan ɗan fari, amma yau kunya ta yi mini haƙuri. Sunan Baba na sa masa. Na so ranar suna liman ya faɗa a zaure, mata su kai miki cikin gida, in ji guɗarku daga waje. Sunansa Uwaisu. Ki kira shi da shi in kina yi masa addu'a, ni kullum haka nake yi.

Ki gaishe da Baba, ki gaya masa ya yi takwara na kwana shida. Allah ya kawo ki lafiya.

Ni ne mijinki,
Mika'ilu, baban Uwaisu